Injin da Ba Ya Son Baba

A tashar kwalekwale babu wanda bai san injin Kyaftin ba. Fentinsa ya koɗe, sunan da ke jikinsa ya goge tun da daɗewa, rufinsa ma da robar tsohon tiyub ake ɗaure shi. Amma fa a ja igiya sau ɗaya ya tashi, alhali 'yan sababbi suna can ana ta fama da su. Da shi Kyaftin ya yi ta tsallakar da mutane zuwa kasuwar ƙetare tun ɗansa Auta bai iya ɗaura wando ba, da shi kuma ya ciyar da gida har yara suka tasa.

Sai ciwo ya zo ba sallama. Wata safiya Kyaftin ya tashi zai sa takalmi, ɓarin jikinsa na hagu ya ce bai san zance ba. Aka yi asibiti, aka dawo gida, Auta ya karɓi jirgi. Ƙafar ta ɗan dawo har yana ja da sanda, hannun kuwa ya zauna a cinya kamar na aro. Abin da ya fi ciwon tayar wa Auta hankali shi ne kwanciyar da tsohon ya koya. Ya juya wa ƙofa baya, ya sa bango a gaba, a kawo abinci a ɗauke yadda aka kawo. Mutumin da in ya yi kiran fasinja ake ji har ƙetare, ya koma sai matarsa Inna ta kai kunne bakinsa kafin ta ji me yake cewa.

Ran nan Auta ya gaji da kallo. Bai yi shawara da kowa ba, ya tallabi ubansa ya sa a bayan babur, sai tasha. Ya shimfiɗa masa matashi a bencin baya, kusa da inji, tankin mai a gefen damansa. Kyaftin ya kawar da kai gefe har suka je suka dawo. Amma a ranar ya cinye abin da Inna ta zuba masa, har ya tambaya ko da saura. Daga nan ya zama kullum da shi ake fita, sai ranakun da yayar Auta ke kai shi asibiti a motsa masa hannu.

Tankin da ke gefensa ba wanda ya sani ba ne. Lokacin da yake kwance Auta ya sayo sabo, ja, na roba, mai wani ɗan noti a tsakiyar murfi wanda ake sassautawa da safe don tanki ya sha iska, a rufe da yamma in za a ɗauka gida. Tsohon na ƙarfe ne, ga nauyi, ga murfi mai kwancewa da kansa in jirgi ya yi jijjiga, Auta kuwa ba shi da haƙurin lallashinsa. Ya kai shi gida ya jefar a bayan madafa, Inna ta ɗauraye ta mai da shi kujerar zamanta.

To ana cikin wannan daɗi ne injin ya tsiro da hali. A tashi lafiya, a bar tasha lafiya, a shiga faffaɗan wurin da iska ke tayar da ruwa. Da an ɗan wuce nan sai ya fara tari, ya yi kamar zai shanye, ya sake tari, sai tsit. Jirgi cike da mata da daro da buhuna, ruwa na jansu gefe. Auta ya buɗe murfin tanki ya leƙa, mai cike. Ya rufe, ya matsa ƙwallon tiyo, ya ja igiya, injin ya tashi kamar ba shi ya yi ba. Wani lokacin ya kai su gaɓa, wani lokacin ya sake mutuwa ana hango rumfunan kasuwa.

Ya saɓi injin ya kai wa bakaniken tasha, wanda kowa ke kira Sai-Gobe saboda amsar da yake ba duk mai tambayar aikinsa. Rumfarsa duk ƙaurin fetur, injina rataye a jikin katako kawuna ƙasa, tsofaffin fulogogi cike da gwangwanin madara, ga duro an cika shi da ruwa na gwaji.

"Fulogi ne," in ji Sai-Gobe tun bai buɗe ba.

Aka canja fulogi. Washegari injin ya mutu a inda ya saba.

"To kafireta ce. Datti ya toshe ta."

Ya warware ta gaba ɗaya a kan tsumma, ya wanke da fetur, ya hura kowace kafa da baki yana ɗagawa sama yana leƙawa da ido ɗaya. Aka mayar. Injin ya mutu. Aka canja tiyo, aka canja matacin mai, Auta ya daina sayen fetur inda ya saba, ya koma tacewa da ƙyalle ko akwai ruwa a ciki. Daga ƙarshe Sai-Gobe ya rataya injin a duro, ya haɗa shi da jan tankin Auta, ya bar shi yana ruri har mai shayin da ke maƙwabtaka ya zo ya ce hayaƙi ya kori masu karya kumallo. Ko tari ɗaya injin bai yi ba.

"Kai Auta," Sai-Gobe ya ce yana goge hannu a riga, "marar lafiyar da ya ga likita ya miƙe, yaya kake so in yi da shi? Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ni ban ga abin ba."

Wata mai sayar da kifi ce, wadda kullum take zama a bencin tsakiya da daronta a cinya, ta fara lura. Mace ce mai baki, ba ta da mugun nufi, sai dai in magana ta zo mata ba ta iya haɗiyewa.

"Ku tsaya," ta ce wata rana suna shawagi a tsakiyar ruwa Auta na ta jan igiya. "Shekaranjiya da Kyaftin ya tafi asibiti, injin nan ya mutu? Bai mutu ba. Wancan makon ma haka. Kyaftin, injin nan fushi yake da kai. Ka bar shi a hannun yaro, shi ya sa in ya gan ka yake suma."

Jirgi ya kwashe da dariya. Kyaftin ma ya yi, da rabin bakin da ke motsi. Auta ne kawai bai yi ba, domin yana lissafawa a zuci ya ga gaskiyarta.

Wasa ya zama zance. 'Yan dako suka ɗauka, masu sauran jirage suka ƙara gishiri, har aka fara ce wa injin "mai gudun ubangida". Sai kuma ranar da wasan ya ƙare. Injin ya mutu iska na kaɗawa da ƙarfi, ruwa ya ja jirgin wajen duwatsun da ke ƙasan inda ruwan ya yi kwana, wata mata ta ƙanƙame jaririnta tana salati da kuka. Auta ya ɗauki filafili ya yi ta tuƙi har tafin hannunsa ya saɓule kafin ya raba su da dutse. Ubansa na zaune yana kallo, hannu ɗaya riƙe da gefen jirgi, babu abin da zai iya. Daga ranar, in fasinja ya zo sai ya leƙa bencin baya tukuna. In ya ga Kyaftin, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi jiki, ya wuce jirgin gaba.

Yaya ta zo gida da maraice, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Auta, kai wane irin mutum ne? In jirgin nan ya kife, fasinja za ka ciro ko Baba? Mutum da hannu ɗaya! Ka bar shi ya huta a gida kamar kowane dattijo."

"Yaya, ke ma kin ga irin hutun da ya yi a baya."

"Na gani. Gara in same shi a kwance da in je neman shi a ruwa."

Ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa maganar ta yi masa zafi. Suna cikin haka muryar Baba ta fito daga ɗaki, a hankali.

"Ku bar musu. Ba zan sake zuwa ba. Ni da injin nan tare muka tsufa, ya gane ni, na gane shi. Ba na hana yaro neman abincinsa."

Ya kuwa cika alkawari. Injin ya koma aiki lafiya lau, fasinja suka dawo, mai kifi ta yi ta tambayar jikin Kyaftin tana sunkuyar da kai. Auta kuwa ji yake kamar ya tura injin cikin ruwa. Duk dawowar da zai yi gida, kwanon Baba na bakin ƙofa a rufe, in ya ɗaga murfi ya tarar ko cokali ba a sa ba. Tsohon ya koma wa bangonsa. Tsoro ya kama Auta sosai, don ya san wannan karon babu jirgin da zai ɗauke shi ya kai.

Bai yarda inji na da zuciya ba. Ƙarfe ne da roba da fetur. In yana mutuwa sai da Baba, to akwai abin da ke faruwa sai da Baba, shi kuma bai taɓa gani ba, saboda a faffaɗan wurin nan idonsa na kan ruwa da kan fasinja. Ya yi tunanin nauyi, ko zaman Baba a baya na danne jirgi. Ya ɗora buhun yashi a bencin ya fita shi kaɗai, injin ya je ya dawo yana waƙa. Ya yi tunanin sanda, ko tana danne tiyo. Ya tuna a ƙarƙashin benci ake ajiye ta, nesa da tiyon.

Ranar da kasuwar ƙetare ba ta ci, ya shiga ɗakin ya durƙusa a bakin gado.

"Baba, na zo roƙo. Ni na kasa, Sai-Gobe ya kasa. Kunnenka nake so. Mu fita mu biyu, ba fasinja, ka saurara ka gaya mini abin da yake cewa kafin ya mutu."

"Masu hannu bibbiyu sun kasa, sai ni?"

"Ai ba hannu na ce ba, kunne na ce."

Inna ce ta shigo da tsintsiya ta tsaya a kansu.

"Malam, tashi ka bi yaron nan. Ka tare mini ɗaki, ina so in share ƙarƙashin gado. In ka dawo ka ci gaba da hirarka da bango, ba inda zai je."

Kyaftin ya yi tsaki, ya ce mace ba ta barin mutum ya mutu cikin natsuwa. Amma ya miƙo hannu a ba shi sanda.

Hantsi ya ɗaga lokacin da suka bar tasha. Auta ya sassauta notin murfi kamar kullum, ya matsa ƙwallo, ya ja igiya. Wannan karon ya zauna a karkace, hannu a kan sitiyari, ido a kan ubansa. Kyaftin ya karkatar da kai yana sauraro da gaske, ya ce ƙarar lafiya take, ƙara wuta kaɗan. Iska ta fara taɓa su. Suka shiga faffaɗan wurin, jirgi ya fara dukan ruwa, benci na rawa.

Sai Auta ya ga hannun. Idon Baba na can gaba yana karanta ruwa, bakinsa na cewa a ɗan karkata dama, hannunsa na dama kuwa ya sauka shi kaɗai, ya lalubo saman tanki, ya kama abin da ya fara taɓawa, ya murɗa har ya tsaya, ya koma cinya. Ko ƙiftawa tsohon bai yi ba.

Nan take Auta ya gane. Ya san hannun nan. Yana yaro, zaune a kan buhuna, ya ga wannan saukar ba adadi: hagu na riƙe da sitiyari, dama na sauka ta ɗaure murfin tsohon tanki duk sanda aka shiga jijjiga, kar mai ya fantsama. Ya tuna kuma sau nawa ya zo rufe notin da yamma ya tarar da shi a rufe, ya ɗauka shi ya rufe ya manta. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Amma yana so ya tabbatar. Ya sa wa tankin ido. Can sai gefunansa suka fara lotsawa ciki, kamar kumatun mai zuƙar abu da tsinke. Injin ya yi tarin farko.

"Ka ji," Baba ya ce da muryar wanda ya riga ya sallama. "Yunwa yake ji. Mai ba ya kai masa."

Auta ya miƙa hannu ya sassauta notin. Tanki ya ja iska, fuuu, gefunan suka dawo. Injin ya yi tari ɗaya, ya kama, ya ci gaba da ruri.

Kyaftin ya juyo. "Me ka taɓa?"

Auta ya gyara zama. Ya rage wuta, ya nuna masa notin, ya yi bayanin yadda tankin ke shaƙewa in an rufe shi, mai ya kasa fita.

"To wane ne ke rufewa?"

"Baba... kai ne."

"Ni? Yaro, ka san abin da kake faɗa? Ni ko kallon jan abin nan ba na yi, ba na son shi ma."

"Mu juya mu sake shiga, ka gani."

Suka yi kwana suka dawo cikin jijjigar. Kyaftin ya ɗaure fuska yana kallon gaba, irin na wanda aka yi wa ƙazafi. Jirgi ya daki ruwa sau biyu, hannun ya ɗaga daga cinya ya nufi ƙasa. Sai da yatsun suka taɓa notin sannan tsohon ya sunkuya ya gan su.

Ya daɗe yana kallon hannun. Auta na jiran ya ji an ce mai da ni gida. Yanzu ba zancen 'yan tasha ba ne, ga shaida a fili cewa shi ne ya kusa kai mata da jarirai kan dutse, kuma Auta ya san ubansa da ɗaukar laifi.

"Wato ni nake shaƙe shi," Kyaftin ya ce a hankali. "Duk wannan wahalar. Fulogi, kafireta."

"Ba kai ba ne, Baba. Sabo ne. Ni na canja tanki ban gaya wa hannunka ba."

Kafaɗar tsohon ta fara motsi. Auta ya ɗauka kuka ne, sai ya ji sautin ya fito, dariya ce, irin wadda rabonsa da ita tun kafin ciwo, har tana haɗuwa da tari.

"Ɗan banzan hannu!" Ya ɗaga shi yana juyawa a gaban fuskarsa. "Ɗaya ya ajiye aiki ba sallama, ɗaya an sallame shi ya ƙi tafiya. Kai, Sai-Gobe zai kashe ni!"

Auta ma ya fashe, yana dariya hawaye na zuba, bai damu ya goge ba. Injin na ta aikinsa a bayansu.

Da suka lafa, Kyaftin ya share ido da gefen hula. "To yanzu sai ka zaɓa. Ko ka ɗaure mini shi da igiya, ko ka mai da ni gaba can wurin buhuna. Don na rantse maka gobe ma sai ya yi."

"Ba ɗaya daga ciki," in ji Auta.

Inna na zaune a ƙofar madafa tana yankan albasa lokacin da suka shigo. Ta dubi fuskar mijinta, ta dubi ta ɗanta, wuƙar ta tsaya.

"Inna, ki yi haƙuri ki ɗan tashi."

"In tashi in je ina?"

"Kujerar muke so."

Ta saurari labarin baki buɗe, ta ce oh ni, wato duk wannan tashin hankalin a kan kujerarta ne. Ta tashi tana mita, wai sai an sayo mata wata mai jingina, amma kafin su fita ta riga ta ɗora tukunya ta biyu ba wanda ya ce mata.

Sai-Gobe ya yi dariya har ya zauna a kan duro. Karon farko a tarihin tasha, ya gama aiki a ranar da aka kawo: ya wanke cikin tsohon tankin, ya duba ko yana yoyo, ya zura allura ya buɗe 'yar kafar iskar da ke jikin murfin. Sannan ya juya murfin a hannu.

"Wannan zaren nasa ya cinye, shi ya sa yake kwancewa. Bari in sa masa roba, ya zauna daram, ba mai sake taɓa shi."

"Bar shi yadda yake," Auta ya ce.

Sai-Gobe ya ɗago ya dube shi, ya dubi Kyaftin da ke zaune a benci yana gaya wa mai shayi labari da hannu ɗaya. Ya mayar da robar cikin gwangwani.

Yaya ba ta sauko da sauƙi ba. Sai da Auta ya yi alkawarin sa wa Baba rigar ruwa mai hana nutsewa, ita kuma ta sayo da kanta, mai ruwan lemo, ta ce in ta ji an cire ta ko sau ɗaya ita da Auta ne.

Washegari mai kifi ta iso tasha da daronta, ta leƙa bencin baya, ta ga Kyaftin cikin rigar ruwa kamar sabon ma'aikaci, tsohon tankin ƙarfe a gefen damansa. Ta ɗan ja da baya.

"Auta, da Kyaftin za a yi tafiyar?"

"In babu shi, ba tafiya, Hajiya. Murfin tankin nan ba ya jin maganar kowa sai tasa. Shigo, yau ke ce shaida."

Ta shiga tana addu'a ƙasa-ƙasa, wasu suka bi bayanta. Jirgi ya bar tasha. Da suka kai faffaɗan wurin iska ta taso, ruwa ya fara dukan katako, kowa na jiran tari. Murfin ƙarfe ya fara ƙara, kacau-kacau. Hannun Kyaftin ya sauka, ya murɗa, ya koma cinya. Injin ya wuce wurin, ya wuce duwatsu, rumfunan kasuwa suka fara bayyana.

Kyaftin bai ko waiwayo ba. Ya ɗaga murya, har na gaban jirgi sai da suka juyo.

"Ƙara wuta, yaro! Kifin mutane zai lalace."